Jami'o'inmu Su Riƙe Lissafin Haihuwa da Mutuwa

A watan Afrilun 2020, masu haƙa kabari ne suka fara sanar da duniya cewa akwai abin da ke faruwa a Kano. Su suka ga makarar da suka saba tarba a yini ta ninka, suka ga manya suna tafiya bi da bi, malamai da farfesoshi da tsofaffin ma'aikata da dattawan unguwa. Da farko hukuma ta ɗora abin a kan hawan jini da ciwon sukari da sanƙarau da zazzaɓi. Sai a watan Yuni ministan lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya bayyana cewa ayarin da aka tura ya bi diddigin rasuwar mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na da alaƙa da korona.

An kwashe makonni ana ja-in-ja, saboda babu wata rajista da za a buɗe a ce ga yawan mutanen da ke rasuwa a Kano a watan Afrilun shekarar da babu annoba. Idan ba ka san na kullum ba, ta ina za ka gane an samu ƙari? Wannan a birni mai asibitin koyarwa da jami'o'i da farfesoshin lafiya masu suna har ƙasashen waje. Abin ya ba ni kunya a lokacin, har yau kuma yana ba ni, domin babu alamar mun toshe wannan ɓarakar.

Ra'ayina shi ne, babban aikin binciken da ya wajaba a kan kowace makarantar koyon aikin likita a Arewa shi ne ta ɗauki wani yanki na jama'a, ta san wa aka haifa, wa ya rasu, me ya yi sanadi, ta ci gaba da riƙe wannan lissafi shekara da shekaru ba tare da yankewa ba, da kuɗinmu, sannan ta riƙa komawa wurin mutanen tana gaya musu abin da ta gano da harshen da suke ji. Sauran binciken rigakafi duk a kan wannan yake hawa.

A kowace makarantar likitoci akwai sashen da wannan aiki ya rataya a wuyansa, wato sashen kula da lafiyar al'umma. Likitan da ke ɗakin duba marasa lafiya yana kallon mutum ɗaya da ke gabansa. Na wannan sashe shi kuma yana tambayar me ya sa yara goma daga unguwa ɗaya suka zo da gudawa a mako guda, daga wace rijiya suke sha, wane mai ga-ruwa ke kai musu, ina masai yake da rijiyar. Amma kowa ya san matsayin wannan sashe a idon jama'a, har da idon ɗaliban kansu. Iyaye suna so a ce ɗansu likitan tiyata ne ko na zuciya. Mai kuɗi idan zai taimaka, ginin ɗakin kwanciya yake yi ko ya sayi injin wankin ƙoda, abin da za a yanke ƙyalle a ɗauki hoto. Ban raina wannan ba, Allah ya saka musu da alheri. Sai dai yaron da aka hana wa kamuwa da ƙyanda ba ya zuwa ya yi godiya, domin shi kansa bai san an cece shi ba. Shi ya sa rigakafi ba shi da mai tsaya masa a lokacin rabon kuɗi.

Alhali mun taɓa gani da idonmu abin da irin wannan bincike ke iya yi, kuma a nan gida. An buɗe tsangayar koyon aikin likita ta Jami'ar Ahmadu Bello a 1967, kuma cikin shekaru goma da suka biyo baya Zariya ta zama wurin da masana cututtukan ƙasashe masu zafi ke ambato a ko'ina. Marigayi Farfesa Umaru Shehu, wanda ya rasu a 2023, shi ke jagorantar sashen lafiyar al'umma a wancan zamani. Brian Greenwood ya yi shekaru goma a Zariya, daga 1970 zuwa 1980, yana bin sawun sanƙarau: yadda yake tashi da zafin bazara, yadda yake lafawa da saukar ruwan sama, yadda ƙwayar ke zama a maƙogwaron masu lafiya suna yaɗa ta ba su sani ba. A Zariya aka gwada yi wa mai sanƙarau allura ɗaya tal mai daɗewa a jiki, abin da ya zama rufin asiri a lokacin annoba, inda ma'aikaci ɗaya ke fama da ɗaruruwan marasa lafiya a ƙarƙashin rumfa. A Malumfashi kuma jami'ar ta haɗa hannu da makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful, aka ƙirga mutanen ƙauyuka, aka auna yawan tsargiya da zazzaɓin cizon sauro da saran maciji.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne aikin Farfesa Kelsey Harrison, ɗan Najeriya daga jihar Ribas. Tsakanin 1976 da 1979 shi da abokan aikinsa sun rubuta bayanin haihuwa 22,774 a asibitin Zariya, ɗaya bayan ɗaya, ba su tsallake ko guda ba. Da aka zauna aka tattara, sai ga shi mace-macen sun taru a kan matan da ba su taɓa zuwa awon ciki ba, waɗanda ake kawowa bayan naƙuda ta yi tsawo, jini ya zuba, ko jijjiga ta kama su. Ya kuma nuna cewa matan da suka shiga makaranta sun fi zuwa awo, sun fi tsira, su da jariransu. Likitan mata ne, amma ƙarshen maganarsa ilimin 'ya'ya mata. An buga sakamakon a 1985, yana cikin abubuwan da suka zaburar da taron Nairobi na 1987 kan ceto rayukan masu haihuwa. Kayan aikinsa takarda ce da alƙalami da haƙurin shekara uku.

Akwai kuma labarin ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, kuma shi ne ya fi nuna dalilin da ya sa bincike ke buƙatar zama wuri ɗaya. Likitocin Zariya na wancan lokaci, irin su Eldryd Parry, sun lura da yawan matan da ke zuwa da kumburin ƙafa da haki makonni kaɗan bayan sun sauka. Suka duba yadda ake jego a ƙasar Hausa: tafasasshen ruwa safe da yamma ana fyaɗa shi a jiki da ganyen darbejiya har kwana arba'in, kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙasa, da kunun kanwa kofi bayan kofi. Suka ce gishirin kanwar da zafin ne ke ɗora wa zuciya nauyin da ya fi ƙarfinta. An daɗe ana koyar da haka. Shekaru da yawa bayan nan, Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka sake ɗaga maganar, suka tattara bayanan masu wannan ciwo daga asibitoci da dama a faɗin ƙasa. Abin da suka gano ya fi nuna yatsa ga talauci da rama da rashin karatu da hawan jinin masu ciki, da kuma ƙarancin wani sinadari da ake kira seleniyam a jini, fiye da wanka da kunu. Da ba a samu ɗan ƙasa da ya koma kan tambayar ba, da har yanzu kakanninmu mata kaɗai muke ɗora wa laifi, muna barin yunwa ta wuce salin-alin.

To me ya faru? Baƙin sun tafi, kuɗin da suka zo da shi ya ƙare, tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, jami'o'i suka shiga halin ni-'yasu. Yau makarantun likitoci sun ƙaru, a Kano da Sakkwato da Maiduguri da Jos da Gwambe da Bauci da Kaduna da sauransu, ƙwararrunmu ma sun ninka na da nesa ba kusa ba. Amma dubi irin binciken da ya fi yawa. Malami yana neman ƙarin girma, ana ƙirga masa yawan maƙalun da ya buga, don haka sai ya nemi abin da zai gama cikin wata biyu da kuɗin aljihunsa. Ya buga takardar tambayoyi, ya raba wa mutum ɗari uku ko huɗu a bakin asibiti, ya tambaye su me suka sani game da gidan sauro ko tazarar haihuwa. Sakamako kullum iri ɗaya: sani yana da yawa, aiki da shi kaɗan ne, ana ba da shawarar gwamnati ta ƙara wayar da kai. Wani ya maimaita a wata ƙaramar hukuma. Ban ga laifin malamin ba, domin abin da aka ce za a auna shi da shi yake yi, kuma albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata balle ya ɗauki ma'aikatan fili. Laifin yana kan ma'aunin da ke ba maƙala goma marasa amfani daraja fiye da aikin shekara goma da zai canza yadda ake kula da masu ciki a jiha guda.

Haka ɗalibai. Ana kai su karkara na 'yan makonni kafin su kammala, su zagaya gidaje, su auna yara, su ƙirga rijiyoyi, su rubuta rahoto. Mai gari ya tarbe su da fura, matan gida su amsa musu tambayoyi har da waɗanda ba sa so. Rahoton ya tafi kan kanta ya sha ƙura. Baɗi wasu ɗaliban su zo ƙauyen da tambayoyi iri ɗaya, ba wanda ya gaya musu abin da na bara suka gani. Da a ce kowane rukuni yana ɗorawa a kan na baya, a littafi ɗaya, da gidajen da aka yi wa lamba, da yanzu wasu ƙauyukan suna da tarihin lafiya na shekara talatin.

Manyan binciken da ake yi kuwa, yawanci kuɗinsu daga waje yake. Muna godiya, amma mai ba da kuɗi shi ke zaɓar tambaya, shi ke yanke ranar rufewa. Idan ya zo don shan-inna, shan-inna za a nema, ko da yaran unguwar tamowa ce ke ɗauke su. Ƙididdigar lafiya ta ƙasa da ake yi kusan duk shekara biyar tana da amfani ƙwarai. Ita ta gaya mana a 2018 cewa cikin yara dubu da aka haifa a Najeriya, 132 ba sa kai shekara biyar, a Arewa maso Yamma kuma 187 ne. Amma ba za ta gaya wa shugaban ƙaramar hukuma abin da ke faruwa a gundumarsa a wannan damina ba. Ƙidayar jama'a kuwa rabonmu da ita tun 2006.

Abin da rashin lissafi ke jawowa mun gan shi a Zamfara. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, maza suna haƙo duwatsun zinare su kawo gida. A tsakar gida ake dakawa a turmi, a niƙa da injin da ake niƙa hatsi, a shanya a inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Duwatsun cike suke da dalma. Yara suka fara suma da jijjiga suna mutuwa, ana cewa zazzaɓi ne ko iska. Sai a watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, da suka shiga yankin suna sa ido kan sanƙarau, suka lura cewa abin ya wuce misali. Kafin a shawo kansa yara sama da 400 sun rasu, dubbai kuma gubar ta shiga jininsu, wasu ta taɓa musu ƙwaƙwalwa har abada. Garin Bagega sai a 2013 aka fara kwashe gurɓatacciyar ƙasarsa. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Da akwai mai rubuta mutuwar kowane yaro yana kai wa wanda zai duba, da tun a goman farko an tambayi dalili.

Abin da nake kira a yi, wasu sun daɗe da yin sa. A Matlab ta Bangaladash tun 1966 ake riƙe da lissafin haihuwa da mutuwar ƙauyuka. A Navrongo, can arewacin Gana, ƙasa mai kama da tamu a yanayi da talauci, irin wannan lissafi ne ya ba da damar gwada ba yara sinadarin bitamin A, aka ga mutuwarsu ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar. A can aka gwada gidan sauro mai magani, a can kuma aka ɗauko tsarin zaunar da ma'aikaciyar jinya a cikin ƙauye, wanda Gana ta mayar da shi manufar ƙasa. A nan ma an kafa irinsa a Nahuce, ƙaramar hukumar Bunguɗu a Zamfara, aka riƙa bin mutum sama da dubu ɗari, da tallafin Birtaniya da Norway. Tambayata ita ce, me zai hana kowace jami'a mai makarantar likitoci ta mallaki nata, ya zama cikin kasafinta kamar yadda ɗakin karatu yake ciki?

Ga yadda aikin yake a aikace. Ana ɗaukar matasan yankin da suka gama sakandare, maza da mata, a horar da su, kowa a ba shi gidajen da zai riƙa zagayawa duk bayan 'yan watanni. Wa ya haihu, wa ke da ciki, wa ya ƙaura, wa ya rasu. Idan an yi rasuwa, ba a zuwa da takarda ranar zaman makoki. Sai an share makoki, hankali ya ɗan kwanta, ma'aikaciya ta je ta yi sallama, ta yi gaisuwa, ta zauna a tabarma tare da uwar. "Baiwar Allah, ya ƙarin haƙuri? Allah ya sa mai ceto ne. Idan ba za ki damu ba, ina so ki ba ni labarin yadda ciwon ya fara." Sai ta bi a hankali. Kwana nawa ya yi da zazzaɓi? Wuyansa ya sanƙare? Yana iya kama nono? Numfashinsa yana sauri, haƙarƙarinsa na shiga ciki? An je kemis, me aka ba shi? Da aka yanke shawarar zuwa asibiti, me ya tsayar, kuɗin mota ne ko jiran maigida ya dawo daga kasuwa? Daga waɗannan amsoshi likita ke iya cewa wannan ya fi kama da ciwon huhu, wancan zazzaɓin cizon sauro ne. Ba ya kai gwajin asibiti daidaito, amma idan aka tara na shekara guda, za a ga cutar da ta fi ɗauke yara, watan da ta fi tsanani, da kuma inda jinkiri ke shiga.

Ba kuma daga sifili za a fara ba. Babu jaririn da ake raɗa wa suna a ƙasar Hausa ba tare da liman da wanzami da ungozoma sun sani ba. Babu gawar da ake kaiwa makwanci mai unguwa bai ji ba. A yaƙin shan-inna an yi amfani da wannan, musamman bayan Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya kafa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya a matakin farko a 2009, inda masu unguwanni ke rubuta sunayen jarirai don a bi su da rigakafi. Abin da ya rage shi ne wanda zai karɓi waɗannan littattafai, ya tace su, ya riƙe su tsawon lokaci ko gwamnati ta canza. Jami'a ce ta fi dacewa, domin ita ba ta sauka bayan shekara huɗu.

Na san wani zai ce rai na Allah ne, wanda kwanansa ya ƙare ba lissafin da zai tsayar da shi. Haka ne, babu Musulmin da ke jayayya da wannan. Amma Sayyidina Umar da ya ji annoba ta ɓarke a Sham ya juya da mutanensa, ya ce suna gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Sanin sababi ba ya cin karo da imani.

Matsalar da ta fi wannan nauyi ita ce yarda, kuma dole masu bincike su daina yin kamar mutanenmu jahilci kawai ke sa su ɗari-ɗari. A 1996, lokacin annobar sanƙarau da ta kashe mutum sama da dubu goma sha ɗaya a Najeriya, kamfanin Pfizer ya gwada maganinsa Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, a wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200. Goma sha ɗaya suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, iyaye kuma suka ce ba a bayyana musu cewa gwaji ake yi ba. An yi ta shari'a har 2009, aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Da aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano a 2003, wannan tabo yana cikin abin da mutane ke tunawa. Kafin a dawo da shi a 2004 cutar ta tsallaka ƙasashe da dama, kuma sai a watan Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ainihin nau'inta, ko da yake wani nau'in ya ci gaba da ɓulla. Annobar mashaƙo da ta ɓarke a ƙarshen 2022, wadda Kano ta fi kowa jin jiki, ta nuna har yanzu akwai ɗimbin yaran da ba a yi wa allurar da ake bayarwa kyauta ba.

Ba a gyara irin wannan da sanarwar rediyo ta mako biyu. Ana gyara shi ne idan mutane suka san fuskar mai binciken, suka san 'yar unguwarsu ce ke rubutun, suka ga ya dawo. Wannan dawowar ita ce aka fi yin sakaci da ita. An ɗebi jinin mutum, an ɗauki lokacinsa, an tambaye shi sirrin gidansa, sannan a buga sakamakon da Turanci a wata mujallar da ko malamin jami'ar sai ya biya daloli kafin ya karanta. A ganina wannan rashin adalci ne, kuma ya kamata kwamitocin da ke ba da izinin bincike su sa shi cikin sharaɗi: ba za a ce ka kammala ba sai ka koma ƙofar fadar dagaci, ka tara maza, ka shiga cikin gida wurin mata, ka faɗa musu da Hausa ko Fulatanci ko Kanuri abin da ka gano da abin da za su iya yi a kai. Gidajen rediyon da suka cika Kano da Kaduna da Katsina ba za su ƙi ba farfesa rabin awa ba. Masu tallar maganin da ke warkar da cuta arba'in ne suka cika filin, saboda masu ilimin ba su zo ba.

Sai maganar kuɗi. Za a ce asibitoci ba magani, ba wuta, likitoci suna ta ficewa zuwa Saudiyya da Ingila, ina ake da sararin ƙirge-ƙirge? Ina jin zafin wannan magana, domin duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwa a asibitin gwamnati ya san halin da ake ciki. Amma mai kuɗi kaɗan shi ya fi buƙatar sanin inda zai sa su. Kuma muna da misalan da suka nuna binciken gida yana rage kashe kuɗi. Yaran da ke da ciwon sikila wasunsu kan gamu da shanyewar ɓarin jiki tun suna ƙanana. A ƙasashe masu arziki ana duba jijiyoyin ƙwaƙwalwarsu da na'ura, wanda aka ga yana cikin haɗari a riƙa yi masa ƙarin jini duk wata. Mu ina muka ga wannan jinin? Likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka suka gwada ƙwayar hydroxyurea a madadinsa, suka nuna cewa ɗan ƙaramin awo ma yana ba da kariya, aka kuma horar da ma'aikata a asibitocin jiha su riƙa yin wannan dubawa. Haka maganin dafin kububuwa na EchiTAb, wanda aka haɗa da dafin macizanmu, aka gwada shi a kan marasa lafiya 400 a Kaltungo, da hannun masana daga Jami'ar Bayero. Manomi da makiyayi su ne suka ci moriyarsa, duk da cewa har yanzu a waje ake sarrafa shi, kuma idan gwamnati ta yi jinkirin saye sai ya yanke a tsakiyar kaka, lokacin da saran ya fi yawa.

Kuɗin riƙe lissafin mutum dubu ɗari yawancinsa albashin matasan fili ne, da babura, da wayoyin shigar da bayanai, da 'yan ƙwararru kaɗan masu tacewa. Asusun TETFund na tallafa wa manyan makarantu, wanda ke samun kuɗinsa daga harajin ribar kamfanoni, yana da sashen tallafa wa bincike. Ina kira gare shi ya ware kaso na musamman da za a bayar na shekara goma a jere, domin tallafin shekara biyu ba ya riƙe irin wannan aiki. Gwamnonin da ke gasar buɗe makarantun likitoci a jami'o'in jihohinsu su sa wannan cikin tsarin tun daga tushe. Shugabannin Afirka sun yi alƙawari a Abuja a 2001 cewa za su ba lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu, gwamnatin tarayya ba ta taɓa cikawa ba, amma jihar da ta kusanta ma ya kamata ta iya nuna da alƙaluma ko kuɗin ya rage mutuwar yara. Attajiranmu masu gina masallatai da asibitoci su ma ina roƙonsu su duba nan. Waƙafin da zai riƙa biyan albashin ma'aikatan fili hamsin duk wata alheri ne mai gudana, ko da ba a rubuta sunan kowa a bango ba.

Su kuma jami'o'in akwai nasu gyaran da ba ya buƙatar ko kwabo. Majalisun jami'a su ke tsara sharuɗɗan ƙarin girma. Suna iya cewa malamin da ya riƙe lissafin yanki na shekaru, ko wanda bincikensa ya sa ma'aikatar lafiya ta canza tsarin aikinta, za a ba shi makin da ya fi na tarin maƙalu. Suna iya cewa duk ɗalibin da zai yi aikin kammalawa a wannan sashe, a yankin jami'ar zai yi, a kan tambayar da na gabansa ya bari.

Rashin tsaro gaskiya ne, kuma ba zan ce a tura ɗiyan mutane dajin da jami'an tsaro ma ke shiga da shiri ba. Inda hanya ta toshe, mazauna wurin su ne ma'aikatan, waya kuma tana kai saƙo. Sannan ba lallai sai ƙauye mai nisa ba. Unguwannin da suka tsiro a gefen biranenmu, irin su Rimin Kebe da Ɗorayi a Kano ko Rigasa a Kaduna, suna ɗauke da ɗimbin jama'a, ga cunkoso, ga ruwan sha na saye, ga waɗanda rikici ya koro daga garuruwansu suna ta shigowa, kuma ba wanda zai iya cewa ga yawan yaran da aka haifa a cikinsu bara. Daga ƙofar asibitin koyarwa zuwa wasu daga cikinsu tafiyar A-daidaita-sahu ɗaya ce. Shugaban sashen lafiyar al'umma yana iya zama da hakimi da masu unguwanni a wannan zangon karatu, a zaɓi mazaɓa biyu ko uku, a yi wa gidaje lamba, ɗaliban da za a tura bana su zama su ne za su buɗe littafin.